Goran Irin Baba

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Gwaram ya san abin da hakan yake nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, haka ma Inna. Ƙannena ana ƙwala musu kira, ana zaginsu, ana jan kunnensu. Ni kuwa sai dai a ce "wannan", ko "yaron nan". Da na samu aiki a Kano na koma "mutumin Kano". Da aka yanke mana Jigawa aka kwaso mu aka dawo da mu gida, aka ajiye ni a siton taki a Birnin Kudu, sai na zama "mutumin Birnin Kudu". In Baba yana son in yi wani abu ba zai dube ni ba. Zai dubi bango ko akuyar da ke ɗaure, ya ce, "Da dai wani zai kawar da fartanyar can daga hanya." Kunyar ɗan fari ke nan. Ni kuma da wautata na girma ina ganin tunda ba a taɓa yi mini faɗa ba, ai ban taɓa yin laifi ba.

Baba yana noma dawa da gero da damina kamar kowa, amma ransa yana lambunsa na rani, a fadamar da ke gangaren ƙauyenmu can wajen Kwandiko. Albasa kaɗan, tumatir kaɗan, sauran komayen shukar duk kokwamba. Ba irin doguwar nan mai sheƙi da ake sayarwa yanzu ba, wadda in ka ciza sai ka ji ruwa zalla. Tasa gajera ce, mai kauri, da ɗan zane fari-fari daga kai har gindi. In ka karya ta sai ka ji ƙas! Tana kwana uku a buhu ba ta yi laushi ba, shi ya sa direbobin da ke lodin Kano ranar kasuwar Gwaram suke tare shi tun kafin ya sauke kaya daga kan jaki.

Irin kokwambar nan daga kakana ya gaje shi. Kowace shekara, da zarar yaɗo ya fara 'ya'ya, Baba zai zaga ya zaɓi waɗanda suka fi yi masa, ya ɗaura wa kowanne ɗan ƙyallen tsumma a wuya. Duk wanda ya ga tsumma ya san wannan ba na ci ba ne, ba na kasuwa ba ne, na iri ne. Za a bar shi a jikin uwarsa har ya ƙosa ya yi rawaya, sannan ya tsaga, ya wanke ƙwayoyin, ya shanya a inuwa a kan faifai, ya cuɗa su da toka don kada ƙwari su ci, ya ɗura a wani tsohon gora ya toshe da totuwa, ya rataye a ɗakinsa. Dokarsa ɗaya ce, kowa a gidan ya haddace ta: rabi na ƙasa, rabi na gora. Ko da shuka za ta lalace, na baɗi yana nan a rataye.

Inna ma tana da nata rabon aikin. Tun daga kaka take tara tokar murhu, ta kara da ta itace, a wata fasasshiyar randa da ta rufe da murfin kwano don kada ruwa ya taɓa. In lokacin shuka ya yi, Baba zai gauraya tokar da kashin awakin da ya shekara ya ruɓe, ya zuba cikin hannu ɗaya a kowane rami. Shi ke nan abincinsu, sai ɗan ƙari in sun fara fure. Ganyen kokwambarsa ƙanana ne, masu kaushi, in ka shafa sai hannunka ya yi ta ƙaiƙayi. Ni dai in na gan su sai in ce a raina, wannan ai yunwa ce take damunsu.

Gaskiyar da ban faɗa wa mutanen ƙauye ba a lokacin, bari in faɗe ta yanzu. Ni ba malamin gona ba ne. Ma'ajin sito ne ni. Abin da na sani game da takin zamani bai wuce yadda ake jera buhu da inda ake sa hannu ba. Amma ga farar shadda, ga biro biyu a aljihu, ga kuma sunan cewa a sashen gona nake aiki, sai mutane suka shiga kirana malamin gona. Ban taɓa gyara wa kowa ba. Daɗi nake ji.

A shekarar da nake ba da labarinta, na sayi rabona na taki kamar sauran ma'aikata, na zaɓi yuriya zalla, farin nan mai kama da gishiri, don na ji manoman masara suna cewa shi ne mai tayar da shuka. Bas ta sauke ni a bakin titi, amalanke ta kwaso buhunan, na kuma daidaita isowarmu da lokacin da mutane suke dawowa daga masallacin Juma'a. Da gangan na yi. Aka jibge buhuna a ƙofar gida, jama'a suka kewaye, na gyara hula na ce daga bana Baba ya daina wahala da kashin awaki, zamani ya zo.

Baba ya dubi buhunan ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Sai ya juya wajen ɗaya daga cikin shanun amalanken, kamar da shi yake magana, ya ce, "Lambun dai ƙarami ne, cikinsa ba ya ɗaukar abu da yawa."

Na ji shi, na kuma gane sarai cewa a'a yake faɗa mini, iyakar a'ar da uba zai iya faɗa wa ɗan farinsa a gaban mutane. Da ƙanena ne ya kawo buhunan, da sai ya daka masa tsawa ya ce kwashe tsiyarka. Ni ba zai iya ba, na kuma san ba zai iya ba. A nan ne laifina yake, ba a rashin sani ba. Na yi dariya na ce, "In ƙanƙanta ce matsalar, ai sai a ƙara masa girma."

Na ari injin ban-ruwa a wajen wani abokin aikina, na roƙi kawuna ya ba mu filinsa da ke jikin namu, wanda ya yi shekara biyu ba a taɓa shi ba. Na ɗebo 'yan ƙwadago aka ja komaye sababbi. Da aka zo shuka, rabin irin da Baba ya auno bai kai ko'ina ba. Ban tambayi kowa ba, na shiga ɗakinsa na sauko da goran, na zare totuwar, na zazzage shi kaf a kan faifai a tsakar gida. Baba yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi. Carbin ya tsaya, amma bai ɗago kai ba.

Inna tana bakin murhu. Ta ɗauki ɗan tsinke ta jefi wata kaza da ke tona kusa da ita, ta ce, "Ke kazar nan, komai kika gani sai kin tsince? Ba kya barin na gobe?"

Na ce, "Inna, gobe ai sai mun rasa goran da za mu zuba iri." Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da hura wuta.

Randar tokar kuwa, an riga an kai ta lambu a kan jaki kamar kullum. Da na gan ta na ce, "Toka! A wannan zamanin?" Na sa aka juye ta can ƙarshen lambun, a gindin shinge, inda aka jibge kashin awakin. Wurin lungu ne, kuma a ɗan tudu yake, ruwan injin ba ya isa sosai. 'Yan ƙwadago sun dai jefa iri a wurin don kada a bar shi fili, ni kuwa ban ƙara bi ta kansa ba, ko hannu ɗaya na yuriya ban ɓata a can ba.

Duk Asabar nake zuwa daga Birnin Kudu, kuma duk zuwa sai na barbaɗa taki na tayar da inji ya cika komaye taf. Kai, shukar nan ta yi abin mamaki! Kafin wata guda ganye ya yi faɗin faifai, ya yi kore shar har yana neman yin baƙi, ya hau kan juna, ba ka ganin ƙasa ko kaɗan. In ka shafa shi, laushi tuɓus, babu kaushin nan, babu ƙaiƙayi. Masu lambun maƙwabta suna tsayawa a bakin shinge suna cewa, "Malamin gona, wannan ai sai ku." Ni kuma ina sa hannu a baya ina gyaɗa kai.

Wata Asabar na tarar da Baba a tsakiyar komi, ya tsinki ganye ɗaya yana murza shi a tsakanin yatsu. Nan da nan ya dagargaje, koren ruwa ya ɓata masa hannu. Ya goge a gefen riga, ya ɗaga yaɗon ya leƙa ƙarƙashi. Fure kaɗan, 'ya'ya kuwa sai an nema. Ya dubi injin ban-ruwa ya ce, "Ganye ya yi kyau. Sai dai ban taɓa ganin mai sayen ganye a kasuwar Gwaram ba."

Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, har yanzu ban rabu da shi ba, matata shaida ce. Na ce a raina tsoho ne kawai ba ya son a ce ɗansa ya fi shi. Ranar ko abincin rana ban tsaya ci ba, na hau bas na koma.

Lokacin sanyi ne, raɓa tana sauka da yawa a fadama. A da, komayen Baba suna bushewa da hantsi, domin iska tana ratsa tsakanin shukokin. Nawa kuwa, in ka cusa hannu ƙarƙashin ganyen da azahar sai ka ji shi jiƙe, da ɗumi-ɗumi. Asabar ta gaba na ga wasu ɗige-ɗige farare a kan ganyen ƙasa, kamar an yayyafa garin tuwo. Na kaɗe, suka goge. Wasu ganyayen kuma sun fara rawaya. Na tuna masu masara suna cewa in ganye ya yi rawaya yunwa ce, sai na ɓalle bakin buhun ƙarshe na ƙara musu. Ka ji ƙarshen wauta. Mai ciwon ƙoshi na ɗura wa tuwo.

Da na dawo bayan kwana bakwai, tun daga nesa na tsaya cak. Lambun ya yi fari fat. Ganyen ƙasa ya bushe ya nannaɗe, in ka taka sai ya yi ƙurus-ƙurus. Na sama ya sunkuya. 'Yan 'ya'yan da suka fito sun tsaya a girman yatsa, sun lanƙwashe, rana ta ƙone musu baya. Na ciza ɗaya na tofar, ɗaci kamar maɗaci.

A nan na sauke girman kai na je na samo malamin gona na gaskiya, wani dattijo ɗan Basirka da muke aiki a sashe ɗaya, wanda kullum nake yi wa dariyar tsohon babur ɗinsa. A kan babur ɗin ya goyo ni har lambun. Ya tsuguna a komin farko, ya juya ganye, ya tambaye ni me na zuba, sau nawa. Da na gaya masa sai ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Malam, kai da kake kwana da buhuna ba ka taɓa tambayar abin da ke cikinsu ba? Wannan farin abu fumfuna ce, 'yar'uwar wadda ke kama tuwon da ya kwana biyu. Kullum tana yawo a iska, ba lambun da ba ta leƙawa. Amma ganye mai tauri yana ba ta wuya. Yuriya ganye yake yi, in ya yi yawa sai ganyen ya fito da fata sakayau, cike da ruwa, ga shi ya rufe ko'ina iska ba ta shiga. Ka dafa mata abinci, ka kuma yi mata shimfiɗa. Abin da ke taurara jikin shuka ya sa ta yi 'ya'ya daban yake, yana cikin takin kamfa, yana cikin tokar murhu. Ba a ba su toka ba?"

Na ce, "An zubar."

Ya dube ni, ya kau da kai. Ya ce feshi ba zai yi komai ba yanzu, an makara. A tumɓuke waɗanda suka mutu a ƙone don kada cutar ta tsallaka lambun mutane. Har ya hau babur ya juyo ya ƙara da cewa, "Amma ka zaga da kyau, duk mai sauran rai ka bar shi."

Ban zaga ba. Kunya ce ta cika ni, ba irin ta Baba ba, irin ta mai girman kai da aka kama. Mutanen da suke ce mini "sai ku" yanzu suna wucewa suna gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa kamar an yi mini mutuwa. So nake abin ya ɓace daga idon duniya. Na jira ranar kasuwar Gwaram, ranar da na san Baba zai kai albasa ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na tara 'yan ƙwadago na ce su share lambun tas, kada su bar ko kara ɗaya.

Ana cikin aiki wani magidanci daga cikinsu ya zo ya ce, "Malam, na gindin shingen can fa? Na ga kamar..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce, "Kai aka ɗauka aiki ko ni? Na ce duka!" Ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri," ya koma.

Aka tara yaɗo tsibi guda, aka ɗora busasshen kara, na ƙyasta ashana da hannuna. Wuta ta kama sosai sannan aka watso rungumar ƙarshe a kai. Sai na ga ganyen wannan daban yake, ƙanana, kore, da 'yan ɗige kaɗan a na ƙasa kawai. A jikinsu ga kokwamba manya, gajeru masu kauri, da zanen nan fari-fari. A wuyan kowace akwai ƙyallen tsumma. Na gane tsumman, tsohon zanen Inna ne mai ruwan bula.

Innalillahi! Na kai hannu wuta ta kore ni. Na fizgi sanda na shiga tono, na jawo biyu, sun riga sun fashe suna tafasa. Ashe duk makonnin da nake fama da koren ganyena, Baba yana zagawa ta bayan shinge da ɗan tulunsa, yana shayar da shukokin da suka fito a kan tokar da na zubar. Su ne ya mayar rabin gora. Kwana goma kacal suke nema su ƙosa.

Yana dawowa daga kasuwa ya hango hayaƙi, ya biyo ta lambu da jakinsa. Ina tsaye da sanda a hannu. Bai dube ni ba. Ya wuce kai tsaye gindin shinge, ya tsaya a kan ramukan da aka tumɓuke, ya daɗe. Sannan ya dawo wajen tokar, ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun da na jawo, ya tsaga ta da babban yatsa. Ƙwayoyin farare ne, fayau, babu komai a ciki, ga shi sun dahu. Ya matsa ɗaya ta fashe. Ya ajiye a hankali.

Wallahi na so ya zage ni. Na so ya ɗauki sandar nan ya sauke mini a gadon baya, ya kira sunana ko sau ɗaya ne ya haɗa da ashar. Na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya dubi jakin, ya ce, "In ta huce a kwashe tokar nan a kai gida. Toka ce mai kyau, kada a bar ta ta lalace." Ya ja akalar jakinsa ya hau gangare.

Na nemi irin nan, Allah ya sani. Duk wanda aka ce Baba ya taɓa ba shi cikin hannu sai da na je wajensa, daga ƙauyukan Kwandiko har Basirka. Wani ya ce ya daɗe da komawa irin gwangwani na Kano. Wani ya ba ni, na shuka, ta fito doguwa mai ruwa, ta riga ta gauraya da wasu. Na sayo wa Baba irin kanti mafi tsada, ya ce madalla, ya shuka shekara biyu da tokarsa da kashin awakinsa, ya yi kyau daidai gwargwado. Amma ban ƙara ganin tsumma a wuyan kokwamba ba, direbobi kuma suka daina tare shi a hanya. A shekara ta uku ya bar wa ƙanena lambun, aka mayar da shi albasa. Goran yana nan rataye a inda yake, bai taɓa sauke shi a gabana ba.

Yanzu da na yi ritaya ina da ɗan lambu a bayan gidana a Birnin Kudu. Ina sa kamfa kaɗan, yuriya ɗan tsunkule, toka kuwa matata ta san ba a zubar mini da ita. Ina ba shukoki tazara, ina shayarwa da safe. Fumfunar tana zuwa, ta ɗan taɓa ganyen ƙasa, in tsinke, ta haƙura. Na iya yanzu, da babu abin da iyawar za ta ceto. 'Yata ta fari kuwa sunanta nake kira gatsal, in ta yi ba daidai ba in faɗa mata a fuska. 'Yan'uwa suna cewa ba ni da kunya.

Da Baba ya rasu, bayan an yi addu'ar bakwai aka fito da 'yan kayansa, ƙannena suka ce in fara zaɓa. Na ce goran nake so. Da jama'a suka watse na zauna a tsakar gida, na girgiza shi, na ji sauran toka tana motsi a ciki. Na ce ko ƙwaya ɗaya ta maƙale a gindi? Ko bayan shekarun nan ba za ta tsiro ba, in dai gan ta. Na ɗauko rariyar Inna, na zare totuwar, na juye tokar a hankali, na shiga tankaɗe.

Inna tana zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, ta zuba wa rariyar ido. Ba ta dube ni ba. Ga rariyar ta yi magana.

Ta ce, "Da dai wani ya huta. Mai goran ma ya tankaɗe ta. Duk shekara in lokacin shuka ya yi sai ya ari rariyar nan."